Zanen Asma'u da Ginin Baffa

Legas, watan Janairu

Zuwa ga Goggona Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da kowa na gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Yaya ƙafar Hajiya? Da muka yi waya na ji muryarta ta yi ƙasa, amma ta ce ba komai. Ke ce ma'aikaciyar jinya, ke za ki faɗa min gaskiya. Ni lafiya lau. Yajin da kika ba Malam Shehu direba ya iso, har na fara rowarsa.

Goggo, naɗaɗɗiyar takardar da ke tare da wannan ita ce zanen gidan hayar da Baffa Nasiru ya ce in yi masa a filinsa na Tarauni. Don Allah ki miƙa masa hannu da hannu. Malamina Dakta Austin ya yarda in mayar da shi aikin kammala digirina na biyu, tunda kwas ɗin namu dama a kan haka yake: yadda za a yi gini ba a cuci maƙwabci ba, ba a cuci ƙasa ba, mai zama a ciki kuma bai dahu da zafi ba.

Ɗakuna shida na yi, kowanne da banɗakinsa da taga gaba da baya, don iska ta ratsa ko babu wuta. Na bar tsakar gida da faɗinta, ba siminti, ruwan sama ya samu inda zai nutse. Darbejiyar da ke tsakiyar filin ban taɓa ta ba. Abin da ya fi komai shi ne kwatar da ke bayan filin, wadda ruwan layin gaba ɗaya yake bi ya wuce ta ƙofar Maman Temidayo. Kin san ta ai, Funmilayo tela, mai ɗinka muku fararen kaya. Gidanta da shagonta a gangare suke. Na ja katanga baya sosai don kwatar ta samu hanya, ramin masai kuma na kai shi can gaba, nesa da bangonta.

Na rubuta wa Baffa a ƙasan zanen cewa in ya ga ɗan abin da yake so ya sauya, ya sauya, ginin ai nasa ne. Kin san shi da son fenti mai ihu. Ki zama idona a wurin, Goggo, don ba zan samu zuwa ba sai na kammala.

A gaida Hajiya, a ce ta rage gishiri.

'Yarki,
Asma'u


Gyaɗi-Gyaɗi, watan Afrilu

'Yata Ma'u,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, sai zafin da ya sa kowa ya fito da tabarma tsakar gida. Kumburin ƙafar Hajiya ya sace, amma jinin ne ya ƙi sauka, don haka ba ma gaya mata abin da zai tayar mata da hankali.

A tsaye nake rubutun nan, Malam Shehu na jira a ƙofar gida. An mayar da ni sashen gaggawa, ba ni da lokacin kaina. Na ba Yaya Nasiru zanenki tun ranar da ya iso. Ya yi murna, ya ce da ya kai ofishin da ke ba da izinin gini ba su riƙe shi ba ko kaɗan, har wani jami'i ya yaba. Na ji an ce aiki ya kai rufi.

Ban samu na leƙa ba, kada in yi miki ƙarya. Amma ginin naki ya zama abin magana a Tarauni, har a asibiti an tare ni da zancensa. Ba zan ce komai ba sai na gani da idona. Funmilayo ma ta zo nemana gida ba ta same ni ba.

Ga dambun nama nan, kada ki bar shi a leda.

Goggonki,
Ramatu


Legas, watan Mayu

Goggona,

Assalamu alaikum, da fatan kun ga sauƙin zafi, Hajiya kuma jini ya sauka. Ni dai lafiya, ina ta murna tun da na karanta takardarki.

Abin magana a Tarauni! Goggo, na karanta wurin nan har na haddace. Washegari na kai wa Dakta Austin labari, na ce an gina zanena, mutanen unguwa har sun fara zancensa. Ya miƙe tsaye ya ce yawancin ayyukan ɗalibai a takarda suke mutuwa, nawa ne kaɗai ya zama bulo da siminti a bana. Ya saka shi cikin baje kolin da sashenmu zai yi a watan Agusta, inda manyan masu zanen gine-gine za su zo, kuma ya ba da sunana a cikin waɗanda za a zaɓa wa lambar yabo.

Na roƙi Baffa ya turo min hotuna, ya ce in bari a gama fenti, kada a ga gini ba kwalliya. Saboda haka muka buga hotunan da na haɗa a kwamfuta, masu darbejiya da mata zaune a inuwa, aka rubuta a ƙasa cewa an gina shi a Kano. Na tabbata Maman Temidayo godiya ta zo yi miki. Ban faɗi wannan a waya ba don ina so ki karanta wa Hajiya da bakinki, ki ga fuskarta.

'Yarki,
Asma'u


Gyaɗi-Gyaɗi, watan Yuli

Asma'u,

Salamu alaikum. Hajiya na nan da sauƙi. Ni kuma lafiyar jiki ce kawai.

Takardarki ta watan Mayu sai jiya ta zo hannuna. Motar Malam Shehu ta lalace a hanya, ya bar ta wurin bakanike da kayan mutane a ciki, sai yanzu ya karɓo. Ban karanta wa Hajiya ba, ba kuma zan karanta ba. Da na gama karantawa sai da na fita bayan gida na tofar da yawu. Da na ce miki abin magana, ba yabo nake nufi ba. Laifina ne da ban fito fili ba, amma ke ma kin ɗauki abin da kike so ki ji.

Ga abin da ya faru. Ranar wata Laraba aka yi ruwa mai ƙarfi bayan la'asar. Ina bakin aiki sai ga Funmilayo da mijinta Matthias sun shigo da jikarsu Prisca a kafaɗa, yarinya ta yi laushi, amai da gudawa. Ni na sa mata ƙarin ruwa. Ina neman jijiya ina jin wani wari yana tashi daga zanin Funmilayo, warin da kowace nas ta sani. Ta ga na gane, ta kawar da kai. Matar da ko zare ba ta bari a ƙasan shagonta. Ta ce min wannan ne ruwa na uku da ya shigar musu, kuma abin da ta zo gaya min ke nan tun a watan Afrilu, tun ana kan aiki.

Da na tashi na hau adaidaita sahu na tafi Tarauni. Ma'u, ban ga gidanki ba. Darbejiya babu ita, ko kututturen. Tsakar gida babu ita, an cika ta da ɗakuna, na ƙirga sha huɗu. Abin da ya rage wani lungu ne da mutum biyu ba za su gifta juna ba sai sun karkace, shi ma an shafe shi da siminti. Na leƙa ɗakunan baya, taga ɗaya ce ƙarama kusa da silin, kamar ta sito. Da rana tsaka sai da na kunna fitilar waya. Katangar da kika ja baya, shi ya tura ta gaba, ya hau kan kwatar gaba ɗaya ya ɗora ɗakuna uku a kanta. Ramin masai kuma a jikin bangon Funmilayo aka haƙa shi, saboda inda kika sa shi ya zama shago.

Yanzu ruwan layin ba shi da hanya. Sai ya taru a bayan katanga, ya cika ramin masai, ya ɗauko abin da ke ciki ya shiga da shi ta ƙarƙashin ƙofarsu. Na shiga gidan da takalmin roba. Katifu a jingine da bango sun yi baƙi. Yadin mutane na biki da aka kawo ɗinki yana jibge a kwando, ba wankin da zai fitar da wannan wari. Ƙafar keken ɗinkinta ta fara tsatsa. Ƙudaje ko'ina, har a kan tukwane. Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin asibiti, na ga abubuwa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Na ɗauki hotuna, zan turo miki ta waya bayan kin karanta wannan.

Na samu Yaya Nasiru a shagonsa. Na gaya masa abin da na gani, yana ta danna waya. Ya ce ruwa na Allah ne, kowa a Kano ruwa ya shigar masa bana. Ya ce ɗaki shida ba ya riƙe gida, kuma bishiya ba ta biyan haya. Da na ce ai ba haka ke cikin zanen ba, sai ya buɗe durowa ya ɗauko shi, ya nuna min rubutunki da yatsa.

“Ga shi nan da hannunta. Ta ce in sauya abin da nake so, ginin nawa ne. Na kuwa sauya.”

Na ce masa fenti kike nufi. Ya ce bai ga kalmar fenti a wurin ba.

Saura guda, kuma ita ta fi yi min ciwo. A ƙofar ginin akwai allo, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa Akitek Asma'u ce ta zana. Alfahari yake da ke. Duk wanda ya toshe hanci ya wuce ta layin, sunanki yake karantawa. Ban kira ki ba don a waya ihu kawai zan yi miki, kuma Hajiya tana jin komai.

Ki yi abin da kika ga ya dace da hotunanki na kwamfuta.

Ramatu


Legas, ƙarshen watan Agusta

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan Hajiya na lafiya, Prisca kuma ta warke. Ki yi haƙuri da shirun da na yi. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga ina ajiyewa.

Ranar da hotunan suka shigo ban iya cin abinci ba. Na kira Baffa, ya ce in yi karatuna in bar manya da harkar manya, ya kashe. Na tafi ofishin Dakta Austin na nuna masa komai, na ce a cire aikina daga baje kolin. Ya duba hoto biyu ya miƙo min wayar. Ya ce mu zane muke dubawa, abin da mai gida ya yi da shi ba ya cikin maki. Ya ce an riga an buga littafin taro, kuma in zan bi kowane aiki da ke jikin bangon nan in ga yadda ya ƙare, da ba abin da zai rage a rataye. Wannan mutumin ne ya shekara yana gaya mana cewa mai zane shi ne lauyan wanda ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawara.

Ranar taron aka kira ni in yi bayani. Na fara da hotunan kwamfuta kamar yadda aka tsara, sannan ba tare da na gaya wa kowa ba na saka naki. Lungun, tagar, katanga a kan kwata, ɗakin Maman Temidayo da katifunta. Na faɗi komai, har da rubutun da na yi wa Baffa. Na shirya wa kora, Goggo, na ma haɗa jakata tun safe.

Tafi suka yi min. Suka miƙe tsaye suna tafi. Wata mata ta rungume ni ta ce ban san irin jarumtakar da na yi ba. Dakta Austin ya karɓi makirufo ya ce irin ɗaliban da sashensa ke yayewa ke nan, kuma shi ya ƙarfafa min gwiwa in fito da gaskiya. Aka ba ni lambar yabon, wani gilashi mai siffar ganye. Daga nan aka wuce cin abinci a wani zaure da bangonsa duk gilashi ne, ba taga ɗaya da ke buɗuwa, janareto na ruri a waje don na'urar sanyi. Hoton katifun yana nan a kan babban allo ba wanda ya kashe, suna cin shinkafa da kaza a ƙarƙashinsa. Ba wanda ya tambaye ni ko yarinyar ta rayu. Wani dai ya tambaya ko ina da hoton da ya fi wannan haske, don mujallarsu.

Na koma ɗaki na yi wanka, ban ji dauɗar ta fita ba. Gilashin yana ƙarƙashin gado. Ban san me zan yi da shi ba, ban kuma san me zan yi da digirin ba.

'Yarki,
Asma'u


Gyaɗi-Gyaɗi, watan Satumba

Ma'u,

Wa alaikumus salam. Hajiya lafiya. Prisca ta warke, ta koma makaranta, sai dai ta rame.

Na karanta, na ji ƙyamar mutanen naki kamar yadda kika ji. Amma akwai abin da ba ki faɗa ba, watakila ba ki gan shi ba. Na turo miki hotunan nan don ki gani ne, ba don ki haska ɗakin kwanan mutane a gaban baƙi ba. Wa kika tambaya? Wani ya ɗora bidiyon jawabinki a intanet, Temidayo ya gani daga inda yake aiki, 'yan cocinsu ma sun gani. Akwai hoton da zanin uwarsa yake shanye a ciki. Funmilayo ta zo har gida, ba ta zauna ba. Ta ce, “Nas Ramatu, baffanta ya zuba min ƙazanta a ɗaki, ita kuma ta ɗauka ta nuna wa duniya aka ba ta kyauta. Wanne zan gode wa?” Ni kuwa na san ni na ɗauki hotunan.

Sun tashi. Shekaru talatin a layin nan, a nan ta haifi 'ya'yanta, Hausarta ta fi tawa daɗi. Sun samu wani ɗaki da shago a Unguwa Uku. Ranar da suke kwashe kaya matan layin suka fito suna taya ta, wasu na kuka, katifun kuwa a nan aka bar su, ko masu jari bola ba su ɗauka ba.

Mai unguwa ya tara mutane a kan maganar. Bayan doguwar muhawara Yaya Nasiru ya yarda aka huda katanga aka saka bututu, wanda faɗinsa bai fi gwangwanin madara ba. Leda ɗaya ta toshe shi a ruwan farko. Ɗakunan kuwa duk an kama. Yawanci ɗalibanmu ne na jinya, saboda kusa da asibiti. Ina koya musu da safe cewa mai tari yana buƙatar iska da hasken rana, da yamma su koma can su kwanta.

Shekaranjiya ya zo gaida Hajiya, ya ja ni zaure. Ya ce ya ji an ba ki lamba, Allah Ya sanya albarka. Ya ce ya sayi wani fili, yana so ki yi masa wani zanen, irin mai bishiyar nan, don ya lura shi ne ba ya daɗewa a ofis. Ko kunya babu a idonsa, Ma'u, ya ɗauka alheri yake yi miki. Na ce zan isar, ga shi na isar.

Goggonki,
Ramatu


Legas, watan Oktoba

Goggona,

Assalamu alaikum, a gaida Hajiya da jiki.

Gaskiyarki. Ina tsaye ina ƙyamar masu tafi, ban duba abin da ke hannuna ba. Na roƙi wanda ya ɗora bidiyon ya sauke, ya sauke, amma na san ya riga ya zaga. Na hana mujallar hotunan.

Na gaya wa Baffa ba zan zana ba, ya kuma cire sunana daga allon. Sannan na rubuta wa ofishin izinin gini cewa abin da ke tsaye a Tarauni ba shi ne abin da suka sa wa hannu ba, na haɗa da zanen na asali. Na san me wannan zai jawo a gida. Na yi tunanin jinin Hajiya, na daɗe ina tunani, na dai aika.

Ina nan tafe ƙarshen wata mai zuwa. Ki tambayar min Maman Temidayo ko za ta yarda in zo. In ta ƙi, ba zan matsa ba.

Asma'u


Gyaɗi-Gyaɗi, watan Nuwamba

'Yata,

Muna lafiya. Hajiya ta ji komai, Yaya Nasiru ne ya zo ya zazzage mata a tsakar gida, wai 'ya ta kai ƙarar uba. Jinin ya hau, na kwana biyu ina aunawa, yanzu ya daidaita. Ba ta ce kin yi daidai ba, ba ta ce kin yi laifi ba. Ta dai ce a gyara miki gado a ɗakinta.

Jami'an sun zo, sun shafa jan fenti na alamar rushewa a ɗakunan da ke kan kwata, sun ba shi takarda. Washegari ya sa aka bi jan da koren fenti. Yadda za ta ƙare ban sani ba. Ya cire allon, ya ce kada ki taka masa shago. Sabon filin kuma ya samu wani yaro da ya gama irin karatunku, ya ba shi zanenki ya ce ya yi masa kamarsa. An ce har ya ƙara bishiya ɗaya.

Na je Unguwa Uku na isar da saƙonki. Funmilayo tana kan keke, ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen ɗinkin. Ta ce ba ta son ban haƙuri, ta ji ya isa. Ta ce akwai wani da ya fara haƙa harsashi a bayan sabon shagon nata, tun da aka fara ba ta barci sosai.

“Ta zo ta duba min,” in ji ta. “Ta gaya min ta ina ruwan zai shigo wannan karon, in san inda zan ɗora kayan mutane. Amma ta bar wayarta a gida.”

Ki sanar da ni ranar da za ki taso, in nemi hutu mu je tare.

Goggonki,
Ramatu